Wayar da Ba Ta Kai Ba: Nazarin Lamarin Jirgin A380 da Bayanan Zanensa

A shekarar 2004, a katafaren zauren harhaɗa jirage na kamfanin Airbus da ke Toulouse a kudancin Faransa, ma'aikata suka fara cin karo da wata matsala da ko mai gyaran rediyo zai gane ta. Za a ɗauko damin wayoyi da aka riga aka yanka, aka ɗaure, aka sa masa mahaɗai daidai da abin da zane ya ce. A yi kwanaki ana zura shi ta cikin bango da ƙarƙashin daɓen jirgi, ana ɗaure shi a maƙalai ɗaya bayan ɗaya. Sai an zo ƙarshe, wurin da zai haɗu da ɗan'uwansa na sashe na gaba, a tarar bai kai ba. Wani lokaci abin da ya rage bai wuce 'yan santimita ba. Da a gida ne, sai a ƙara guntu a naɗe. A jirgin fasinja ba a jan waya da ƙarfi don ta kai, ba a kuma yi mata ƙari sai bisa ƙa'ida mai tsauri. Abin da ya rage shi ne a zare damin, a koma farko.

Jirgin da ake magana a kansa shi ne A380, mai hawa biyu tun daga hanci har wutsiya, wanda ya fi kowane jirgin fasinja girma. A cikinsa akwai wayoyi kusan 100,000, da mahaɗai kusan 40,000, kuma idan aka miƙe wayoyin za su haura kilomita 500. Waɗannan 'yan santimita da suka gaza su ne suka jinkirta jirgin kusan shekara biyu, suka kuma ci kujerun manyan shugabanni.

Yawanci idan ana ba da labarin nan, a jimla ɗaya ake gama shi: wai Jamusawa sun yi zane da tsohuwar manhaja, Faransawa da sabuwa, sai aka samu saɓani. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya ce. Abin da nake so in nuna shi ne, manhajar alama ce kawai. Ciwon yana can ƙasa: babu wuri guda da kowa ya yarda cewa abin da ke cikinsa shi ne jirgin.

Gida ɗaya, tukunya huɗu

An kafa Airbus a 1970 a matsayin haɗin gwiwa, ba kamfani guda ba. Kamfanonin ƙera jirage na Faransa da Jamus ne suka fara, daga baya na Sifaniya da Birtaniya suka shigo. Kowanne ya riƙe masana'antunsa, da injiniyoyinsa, da kayan aikinsa, da yadda ya saba yin abubuwa. Sai a 2001 aka dunƙule su suka zama kamfani ɗaya, inda EADS, uwar kamfanin da ta haɗa ɓangarorin Faransa da Jamus da Sifaniya, ta riƙe kashi 80, BAE Systems ta Birtaniya ta riƙe kashi 20. An ƙaddamar da shirin A380 a Disamban 2000, wato jirgi mafi wuya da suka taɓa tunkara ya zo daidai lokacin da ba su gama zama abu guda ba. Ita kanta EADS a lokacin shugabanni biyu gare ta a kujera ɗaya, Bafaranshe da Bajamushe, don kada wani ɓangare ya ga an danne shi.

Rabon aikin ma haka yake. Fukafukai a Broughton ta yankin Wales a Birtaniya. Manyan sassan gaba da na baya na gangar jiki a Hamburg ta Jamus. Hanci da tsakiya a Saint-Nazaire ta Faransa. Wutsiyar kwance a Sifaniya. A ɗauko su ta teku, a sauya zuwa kwale-kwalen dako a kogin Garonne har Langon, sannan a ɗora a manyan motoci a bi hanya cikin dare zuwa Toulouse. Bayan an harhaɗa, jirgin ya tashi zuwa Hamburg a sa masa kujeru a yi masa fenti. An yi nazarin wannan hanya ƙwarai, har da faɗaɗa tituna. Hanyar da bayanai za su bi tsakanin waɗannan wurare ce ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Manhajar zanen ita ce CATIA ta kamfanin Dassault Systèmes. Faransa da Birtaniya sun koma siga ta 5, Jamus da Sifaniya suka zauna a siga ta 4. Wanda ya ji "4" da "5" zai ɗauka ƙaramin sabuntawa ne irin na wayar hannu. Ba haka ba ne. Siga ta 5, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990, sabon gini ce daga tushe, da wani harshen kwamfuta daban da wani tsarin fayil daban. Kafin zanen wannan ya shiga waccan sai an fassara shi, kuma duk fassara akwai abin da take zubarwa a hanya. Siffar abu takan tsallake. Abin da ke maƙale a jikin siffar, kamar ƙa'idar da aka bi aka lanƙwasa shi ko bayanin da injiniya ya rataya masa, shi ne kan ɓace.

Ba don wauta Hamburg ta ƙi sauyawa ba. Sauya manhaja ga ɗaruruwan injiniyoyi yana nufin watanni na horo, da kuɗi, da raguwar aiki a daidai lokacin da agogo ke gudu. Duk manajan da aka ɗora wa ranar miƙa aiki zai ce a bari sai an gama wannan. Hukuncin yana da ma'ana idan daga ofis ɗaya aka dube shi. Babu dai wanda ke da ikon da zai dube shi daga sama ya ce a'a.

Abin da rumbun bayanai ke yi a aikin zane

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin mutane da yawa suna ɗaukar rumbun bayanan zane tamkar babban akwati ne da ake zuba fayiloli. Da haka ne, da faifan ajiya ɗaya ya wadatar.

Ɗauki maƙali guda, ɗan ƙarfen da ke riƙe damin waya a jikin haƙarƙarin jirgi. A rumbu mai kyau, wannan maƙali yana da lamba da babu wani abu mai irinta. Yana da tarihi: gyara na farko, na biyu, na uku, da sunan wanda ya yi kowanne da dalilinsa. Yana da matsayi: ana kan aikinsa, ko ana duba shi, ko an sake shi ga masana'anta. Idan injiniya ya ɗauko shi zai gyara, rumbun zai kulle shi, kada wani a wata ƙasa ya gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, a wayi gari da maƙalai biyu masu lamba ɗaya. Akwai kuma bayanin jiragen da wannan gyara ya shafa, misali daga jirgi na 7 zuwa na 12, ko jiragen kamfanin sufuri kaza kaɗai.

Duk waɗannan ajiya ce. Inda rumbun yake cin sunansa shi ne dangantaka. Ya san cewa maƙalin nan yana zaune a kan haƙarƙari kaza, dami kaza ne ke bi ta kansa, damin yana ɗauke da wayoyi kaza, kuma kowace waya ta tashi daga wannan mahaɗi ta sauka a wancan. Saboda haka ana iya yi masa tambayar da babu fayil guda da zai iya amsawa: idan na taɓa wannan, me da me zai motsa?

Yanzu a ɗauka wani kamfanin sufuri ya ce yana son wurin dafa abinci ya matsa gaba kaɗan. Mai zanen ciki ya matsar. Bututun iska ya shiga inda damin waya yake bi, don haka mai zanen bututu ya nemi a ba shi wuri. Mai zanen ƙarfe ya matsar da maƙalai uku. Yanzu damin dole ya yi ɗan zagaye, kuma zagayen ya ƙara masa tsawo. Idan duk mutanen nan huɗu a rumbu ɗaya suke aiki, da zarar an saki gyaran maƙalan, damin zai fito da alamar cewa abin da ya dogara a kai ya sauya, kuma ba za a yanka shi ba sai an sake lissafa tsawonsa. Idan kuwa mai zanen waya yana kallon kwafin da aka fassara masa makonni uku da suka wuce, aikinsa zai fito tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amma na jirgin da babu shi ne. Kowa ya yi daidai, waya ba ta kai ba.

Daga wannan rumbu ne ake gina abin da masu sana'ar ke dogara da shi fiye da komai, wato jirgin cikin kwamfuta: cikakken kwatancen jirgin mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda aka harhaɗa daga sabon gyaran kowane sashe. A da, da katako da ƙarfe ake gina irin wannan kwatance, ma'aikata su shiga ciki su gwada zura waya da hannu. Na kwamfuta ya fi sauri, kuma yana iya binciko da kansa duk inda abu biyu suka shiga wurin juna. Sharaɗinsa ɗaya ne: ya zama cikakke kuma na yau. Wanda ya tsufa da wata guda ya fi babu haɗari, domin mutane za su gaskata shi.

Abubuwa uku da suka haɗu a kan waya

Me ya sa waya ce ta fashe, ba fukafuki ko ƙafar sauka ba? Domin waya ce ke bin bayan kowa. Duk wanda ya sauya wani abu a jirgi, waya ce ke biyan kuɗin.

Na farko, Airbus ta bai wa masu saye dama mai faɗi su tsara cikin jirgin yadda suke so. Jirgi ne da ake tallarsa da ɗakunan kwana da wuraren shaƙatawa, kowane kamfani yana son ya bambanta da abokin gasarsa, kuma kowace kujera tana da allon kallo da wuta da waya. Wato ba zanen waya ɗaya ake yi ba. Kowane mai saye da nasa.

Na biyu, don rage nauyi an yi amfani da goran ruwa a maimakon jan ƙarfe a yawancin tsawon wayoyin. Goran ruwa bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, kusan kashi 60 cikin ɗari yake yi, don haka wayarsa dole ta fi kauri. Waya mai kauri ba ta lanƙwasuwa a ƙaramin lungu, sai ta yi kwana mai faɗi, kwana mai faɗi kuma yana cin tsawo. Waɗannan ƙa'idoji na kauri da lanƙwasa suna cikin irin bayanan da ba sa tsallaka fassara tsakanin sigogin biyu cikin sauƙi.

Na uku, ana zane ana ƙerawa a lokaci ɗaya. Jirgin ya yi tashin farko ranar 27 ga Afrilu 2005, gwaje-gwaje suka riƙa kawo gyare-gyare, alhali sassan jiragen da za a sayar suna kan layi. Yin haka ba laifi ba ne, kowa na yi. Amma yana buƙatar tsarin da zai bi kowane sauyi har ƙarshen jelarsa. Ita kanta Airbus, da ta zo bayyana dalilai, ta ambaci gazawar tsarin lura da sauye-sauye da na sanin wane sashe ne na wane jirgi.

Sakamakon shi ne sassan gangar jiki suna barin Hamburg ba tare da an kammala wayoyinsu ba, don kada layin Toulouse ya tsaya. Aikin da ya kamata a yi a fili, sashe a buɗe, sai ya koma cikin jirgin da aka riga aka haɗe, mutum a durƙushe. Aka kwashi ɗaruruwan ma'aikata daga Jamus zuwa Toulouse suna gyara da hannu. Kuma duk gyaran da aka yi da hannu, idan ba a mayar da shi cikin rumbu ba, ya ƙara nisa tsakanin jirgin da ke tsaye a zaure da wanda ke cikin kwamfuta.

Yadda abin ya fito fili

A Yunin 2005 aka sanar da jinkiri na farko, wata shida. Ba a ɗaga hankali sosai ba, sabon jirgi ya saba makara. Ranar 13 ga Yuni 2006 aka sanar da na biyu, wata shida zuwa bakwai, aka ce jirage tara kacal za a miƙa a 2007. Washegari hannun jarin EADS ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari. A farkon Yuli, Noël Forgeard, ɗaya daga cikin shugabannin EADS biyu, da Gustav Humbert, shugaban Airbus, suka sauka. Bayan wata biyu aka sauya Charles Champion, jagoran shirin A380.

Wanda aka kawo, Christian Streiff, baƙo ne a harkar jirage. Daga kamfanin gilashi da kayan gini na Saint-Gobain ya fito. Wataƙila shi ya sa ya faɗi abin ba tare da kwana-kwana ba. Ranar 3 ga Oktoba 2006 ya sanar da jinkiri na uku, shekara guda cur, tara ɗin nan ta koma ɗaya. Ya ce tushen matsalar shi ne an makara wajen kafa jirgin cikin kwamfuta da ake zana shimfiɗar wayoyi da shi, kuma mutanen da ke aiki da shi suna kan koyo ne. EADS ta ƙiyasta cewa ribarta za ta ragu da Yuro biliyan 4.8 zuwa 2010. Kwana shida bayan nan Streiff ya ajiye aiki, bayan wata uku kacal a kujera, saboda saɓani da EADS kan yawan ikon da za a ba shi ya yi gyara. Louis Gallois ya karɓa.

A Nuwamba FedEx, kamfanin aika kaya na Amurka, ta soke odar jiragen A380 goma na dakon kaya ta koma wa Boeing 777. Takwararta UPS ta bi sahu a Maris 2007, samfurin dakon kayan ya mutu ke nan. A Fabrairun 2007 aka fito da shirin tsuke bakin aljihu mai suna Power8, da rage guraben aiki 10,000, ko da yake faɗuwar darajar Dala ma tana da hannu a wannan.

Wani abin lura: a tsakiyar wannan rikici, ranar 12 ga Disamba 2006, hukumomin kula da lafiyar jirage na Turai da Amurka suka ba A380 takardar amincewa. Jirgin lafiyarsa ƙalau, yana tashi yana sauka. Abin da kamfanin ya kasa shi ne maimaita shi.

Gyaran

Hanya biyu aka bi a lokaci ɗaya. Jiragen farko, kimanin 25, aka ci gaba da kammala wayoyinsu kusan da hannu, kowanne da irin nasa gyaran. A gefe guda aka ɗora wuraren aikin a kan kayan zane iri ɗaya, aka haɗa injiniyoyin Faransa da Jamus a tawaga guda, aka sake zana shimfiɗar wayoyin a cikakken jirgin kwamfuta domin jiragen da za su biyo baya. Singapore Airlines ta karɓi jirgi na farko ranar 15 ga Oktoba 2007, ya ɗauki fasinja zuwa Sidni bayan kwana goma. Shi kaɗai aka miƙa a shekarar. A 2008 aka miƙa 12, a 2009 aka miƙa 10.

To, laifin manhaja ne?

Ga abin da ya sa ban yarda da gajeren labarin ba. A farkon shekarun 1990, Boeing ta zana 777 gaba ɗaya a kwamfuta, da CATIA ɗin nan, sigar da ta girmi ta 5 da shekaru, a kan manyan kwamfutocin IBM. Kamfanonin Japan da ke ƙera wani kaso na gangar jikin suna haɗe da tsarin. Jirgin ya tashi a Yunin 1994, ya fara aiki a 1995 a kan lokaci, kuma an yaba yadda sassansa suka zauna da juna. Ashe tsufan manhaja ba ya hana sassa haɗuwa. Abin da Boeing ta yi shi ne ta sa kowa a tsari ɗaya, ta kuma zaunar da mai zane da mai ƙerawa, har da wakilan masu saye, a ƙananan tawagogi sama da 200. Da a ce duk wuraren Airbus sun zauna a siga ta 4 tare, ina ganin da wuya ɓarnar ta kai haka.

Kada kuma a ɗauka rumbu ɗaya maganin komai ne. Boeing ɗin ce dai ta zo kan 787, ta ɗora abokan aikinta na ƙasashe daban-daban a kan kayan Dassault iri ɗaya da rumbu na bai ɗaya, amma jirgin da aka shirya miƙawa a 2008 sai Satumban 2011 ya isa hannun mai saye. A can matsalar ta fito ta wata ƙofa: masu kawo kaya da suka kasa cika alkawari, ƙarancin ƙusoshi, sassa da ke isowa ba a kammala ba kuma takardunsu ba su nuna abin da ya rage ba. Rumbu yana sanin abin da aka faɗa masa ne kawai.

Akwai ma ma'aunin duniya na musayar bayanan zane, ISO 10303, wanda ake kira STEP, tun 1994. Yana da amfani wajen miƙa siffar abu daga wata manhaja zuwa wata. Amma musaya daban, tarayya daban. Da zarar ka aika kwafi, an samu abu biyu, kuma daga wannan daƙiƙa suka fara rabuwa. Tambayar da ke raba gardama ba "za ka iya buɗe fayil ɗina?" ba ce. Ita ce: idan nawa da naka suka saɓa, wanne ne jirgin? Wannan ba tambayar da sashen kwamfuta zai amsa ba ce, domin amsarta tana nufin wani zai bar kayan aikin da ya ƙware a kai shekara ashirin ya koma ɗalibi, wani kuma zai yarda a ga aikinsa tun bai gama ba. A kamfanin da aka gina bisa auna kowace kujera tsakanin ƙasashe biyu, cewa Hamburg ta ɗauki hanyar Toulouse magana ce ta siyasa, kuma an yi ta kauce mata har sai da ƙarfe ya ƙi.

Da aka zo kan A350, wanda aka ƙaddamar a Disamban 2006, a tsakiyar zafin abin, an yanke wannan hukunci tun kafin a ja layin farko: kayan aiki iri ɗaya, hanyoyi iri ɗaya, jirgin kwamfuta guda da wuraren Airbus da manyan masu kawo mata kaya duk suke aiki a kansa. Ya tashi ranar 14 ga Yuni 2013. Shi ma ya ɗan makara, amma ba a sake ganin irin abin da ya faru a zauren Toulouse ba.

Shi kuwa A380, abin da ya kawo ƙarshensa kasuwa ce, ba waya ba: kamfanoni sun fi son jirage masu inji biyu da ke zuwa kai tsaye. A Fabrairun 2019 aka sanar da daina ƙera shi, na ƙarshe ya tafi wa Emirates a Disamban 2021, jimilla 251. Jiragen farkon nan da aka yi wa waya da hannu su ne suka fara barin aiki. Sun fi na baya nauyi, kuma ba su bi ma'auni ɗaya da sauran ba. Wanda ya kai fasinjojin farko Sidni, Singapore Airlines ta mayar da shi a 2017 da wa'adin hayarsa na shekara goma ya cika. Ba a samu mai ɗauka ba. Aka ajiye shi a filin jirgin Tarbes, ba nisa da Toulouse, zuwa ƙarshen 2019 an gama kwance shi ana sayar da sassan.